Hujewar Hanji: Wa Zai Biya Kuɗin Tiyata?

A asibitin ƙasa na Damagaram, da na Galmi cikin jahar Tawa, har zuwa Yamai, likitocin tiyata sun saba da irin wannan majinyaci: yaro ɗan makaranta, ya fi mako biyu yana zazzaɓi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Hanjinsa ne ya huje.

Sau da yawa zazzaɓin taifot ne sila. Ƙwayar cutar tana shiga jiki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta ci bangon ƙarshen ƙaramin hanji, a mako na biyu ko na uku ta fasa shi, ƙazanta ta malala cikin ciki. Ga manya kuwa, gyambon ciki ma yana hujewa, musamman ga masu haɗiyar magungunan ciwon jiki na tebur irin su diclofenac ba da izinin likita ba.

Gano cutar ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Hannun likita da hoton ƙirji, wanda ke nuna iskar da ta tsere daga hanji, sukan wadatar. Magani kuwa sananne ne: ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta, sannan a buɗe ciki a ɗinke hujin ko a yanke wurin da ya lalace. Jiƙo ko tofi ba sa rufe shi. Abin da ke kisa shi ne jinkiri, kuma jinkirin nan sau da yawa na neman kuɗi ne: a sayar da akuya, a jira ɗan'uwa ya aiko, alhali majinyaci na kwance.

A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, bayan ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa a 2005. Madalla. Sai dai taifot ya fi huda hanjin yaran da suka wuce wannan shekarun. Wane dalili zai sa ɗan shekara 8 ya jira iyayensa su haɗa kuɗi?

Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta sa wannan tiyata cikin ayyukan gaggawa da ake yi kafin a yi zancen biya. Akwai kuma allurar rigakafin taifot da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita tun 2018. Laberiya da Zimbabuwe sun fara yi wa yaransu a 2021. Magadan gari su ma da nasu aiki: a binciki ruwan da 'yan garuwa ke kaiwa kasuwanni da makarantu.