Kafin a ce wabi take yi

Akwai sunayen da duk Bahaushe ya san abin da ke bayansu: Ajuji, Ayashe, Barmani. Sunayen gidan da aka binne jarirai biyu, uku, har huɗu a jere ne, uwar ta zama abin nuni, ana cewa wabi take yi. Rai na Allah ne, babu mai ja. Amma ni a ganina, duk gidan da yara ke tafiya ta hanya iri ɗaya, akwai tambayar da ya kamata a yi a asibiti, kuma ba ma yin ta.

Ga yadda abin yakan zo. An haifi yaro lafiya ƙalau, ya kama nono, ana ta barka. Kafin ranar suna sai ya daina tsotso, ya fara amai, barci ya yi masa nauyi, jijjiga ta biyo baya. A asibiti a ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa, kuma sau da yawa hakan ne. To idan ƙaninsa ma ya bi wannan sawun fa?

Akwai cututtukan gado da jikin yaro ke kasa sarrafa wani ɓangare na abinci, sai abin ya taru ya zama guba ga ƙwaƙwalwa ko hanta. Yana ciki jikin uwa ke tace masa ta mabiyiya, shi ya sa ake haifarsa garau. Da ya fara shan nono sai gubar ta fara taruwa. Yawancinsu gadonsu irin na sikila ne: uba na ɗauke da rabi, uwa na ɗauke da rabi, dukkansu lafiyarsu lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar rabi da rabin nan. Ba zagin auren zumunci nake yi ba, jama'a, lissafi ne kawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne wasunsu maganinsu bai taka kara ya karya ba. Akwai wadda yaro ke farfaɗiya, gashinsa na zubewa, fata duk ƙuraje, ji yana raguwa, alhali ƙwayar bitamin biotin kullum ita ce maganin. Akwai farfaɗiyar jarirai da ba ta jin magungunan da aka saba, sai bitamin B6. Akwai galaktosimiya, inda sukarin da ke cikin madara ke lalata hanta, ya kawo shawara da yanar ido, a sauya wa yaro madarar waken soya ya farfaɗo. Akwai kuma wadda fitsarin jariri ke ƙamshi kamar hulba ko ƙonannen sukari. Uwa ce ke fara jin wannan, amma wa ya taɓa tambayarta?

Kada a raina hancin uwa. A 1934 a ƙasar Norway, wata uwa ce ta dage cewa 'ya'yanta biyu masu taɓuwar ƙwaƙwalwa suna da wani wari na daban, har likita Asbjørn Følling ya bincika fitsarinsu ya gano cutar da yau ake kira PKU. Daga baya aka gane cewa abinci na musamman yana kare ƙwaƙwalwar yaron idan an fara da wuri. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da hanyar ɗiga jinin diddigen jariri a kan takarda a gwada. Yau a Ingila ranar biyar da haihuwa ake ɗibar jinin nan. Saudiyya, inda auren dangi ya yi yawa kamar namu, tana yi. Masar ma tana gwada jariranta. Mu a Najeriya har yanzu babu tsarin da ya game kowane jariri.

Na san abin da wani zai ce: zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa ba su gama kashe mana yara ba, kana maganar cutar da sai an haifi dubbai kafin a samu ɗaya? Gaskiya ne, kuma ban ce a bar waɗancan ba. Sai dai kowacce ita kaɗai ce ke da ƙaranci, idan aka tara su ba kaɗan ba ne. Kuma matakin farko ko sisi ba ya ci. A wajen awon ciki a tsaya a tambayi mace da kyau: yara nawa kika rasa, suna da kwana nawa, ya ciwon ya fara, ke da maigidanki 'yan uwa ne? A rubuta a kati, a tura ta babban asibiti ta haihu inda likitan yara zai sa ido tun ranar farko.

Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin sikila. Ke nan mun yarda cewa gado gaskiya ne. Me zai hana a ɗora da gwajin diddige, ko da a fara da na ƙarancin sinadarin maƙoshi, wato tayirod? Kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da shi. Idan aka fara ba shi ƙwaya cikin makonni biyun farko zai tashi ya yi karatu kamar kowa. Idan aka makara, shi ne yaron da ba ya girma, ba ya magana, har a fara raɗe-raɗin ɗan ruwa ne.

Iyaye kuma, don Allah kada wadda ta karanta wannan ta cire ɗanta daga nono da kanta, likita ne kaɗai zai yanke wannan bayan gwaji. Abin da ke hannunku shi ne labarin yaran da suka riga mu gidan gaskiya. Ku faɗa wa likita shi dalla-dalla ko bai tambaya ba, har da warin fitsarin idan kun lura da shi.