Zauren fatoma da masu rubuta tarihin Waca

Wanda ya nemi tarihin Waca a rubuce, ko a littafin Nasara ko a kundin ɗalibi, galibi abu guda zai tarar: jerin sunayen sarakuna. Wane ya haifi wane, wane ya yi shekara kaza bisa gado, wane ya yi yaƙi ya ci ko aka ci shi. Daga nan sai a ɗora da cewa Waca da Dungas da Mirya su ne ƙasashen Sosebaki, sun yi biyayya ga Barno, Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19, Faransa ta ci Zinder a 1899, shi ke nan an rufe littafi. Babu ƙarya a ciki. Sai dai mutum yana iya karance shi kaf bai san inda baƙo yake kwana ba idan dare ya yi masa a Waca, bai san wanda yake karɓar linzamin dokinsa ba, balle wanda yake tsaya masa idan ciniki ya rikice.

Wannan ɗabi'a tana da asali. Tsakanin 1906 da 1909 Faransa ta aiko da ayarin Kyaftin Tilho domin shata iyaka tsakanin mulkinta da na Ingila, daga Kwara zuwa tafkin Cadi. A cikin ayarin akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya bi gari gari yana rubuta labarin sarautu, aka buga aikinsa a 1911. Bukatar Nasara a lokacin a fili take: ya san wa ke da wace ƙasa, wa ke bin wa, wa za a riƙe a karɓi haraji ta hannunsa. Saboda haka fada ya nufa, wanda kuwa ya tambayi fada labarin fada zai ji. Ba a ga laifin Landeroin ba, aikin da aka sa shi ya yi. André Salifou ma, da ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971, ya faɗaɗa fagen ƙwarai. Laifin yana wuyan waɗanda suka biyo baya, waɗanda bayan shekara fiye da 100 har yanzu tambayar tafintan Nasara suke maimaitawa, kamar an hana su wata.

Alhali kuwa babu garin da ke kan hanyar fatake da ya rasa gidan saukar baƙi, kuma Waca, da take zaune tsakanin Zinder da Dungas, a yankin da kanwa da gishirin Manga da dabbobi suke ratsawa zuwa Kano, ba za ta fita daban ba. Mai irin wannan gida shi ake kira fatoma. Kalmar kanta shaida ce: daga Barbarci ta zo, inda fato ke nufin gida, fatoma kuwa mai gida. Wato ko a bakin mutane an ga sawun Barno, ba sai an je fada an tambaya ba.

Wanda ya ɗauka fatoma mai ba da hayar ɗaki ne bai fahimci sana'ar ba. Falke yakan iso da jakai ko raƙuma, bai san kowa ba, wataƙila ma bai ji harshen gari sosai ba. Fatoma ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya nuna masa turke da rijiya, ya adana kayansa, ya nemo dillali, ya gaya masa wanda za a ba bashi da wanda ko allura ba a ba shi. Idan an sayar da kaya a kan lamuni, fatoma ne mai tsayawa. Mai saye ya gudu, shi zai biya. Abin da yake samu la'ada ce daga cinikin, ba kuɗin kwana ba. Jarinsa na gaskiya amana ce, shi ya sa gidan yakan wuce ran mai shi: falke ya sauka wurin uba, ɗansa ya zo ya sauka wurin magaji. Kuma ba kullum ɗa ke gadon zauren ba. Sau da yawa bara ne, ko yaron gida da ya girma yana kai wa baƙi ruwa, ya san fuskar kowa da halin kowa, shi fatake suka yarda da shi. Ga irin gadon da babu maroƙin da ke wasa shi, alhali ya fi gadon sarauta bayyana yadda talaka yake zama wani.

Abin kunya shi ne an rubuta wannan tsari, amma a wasu wurare. Polly Hill ta yi nazarin masu gidajen baƙi da dillalai na kasuwar shanu ta Kumasi a 1966. Abner Cohen ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan Sabo na Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu da goro gaba ɗaya a kan wuyan masu gida yake. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya bi diddigin attajiran Zinder. An san sunan Malam Yaro na Zangon Zinder domin ya yi hulɗa da Faransawa ya shiga takardunsu. Ke nan Bahaushen da ya yi zango a ƙasar Yarbawa ya sami mai rubuta shi, wanda ya zauna gida yana sallamar shanun da za su je Ibadan ɗin bai samu ba.

A Ingila, ƙaramin ƙauye yana iya nuna wa baƙo sunayen waɗanda suka riƙe gidan shan giyar garin ɗaya bayan ɗaya, na shekaru ɗaruruwa, saboda tun 1552 doka ta tilasta wa mai irin wannan gida karɓar lasisi daga alƙalai. Mutanen can ba su ɗauki binciken wannan jeri abin wasa ba, domin a gidan ake ɗaukar ma'aikata, ake gwanjo, ake jin labarin duniya. Masu kare lalaci za su ce to ai ga bambancin nan: su suna da takarda, Waca ba ta da ita. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Jerin sarakunan da ake tinƙaho da shi daga wace takarda ya fito? Daga bakin tsofaffi Landeroin ya ɗauka. Idan baki ya isa shaida a kan wanda ya hau gado, ya isa shaida a kan wanda ya riƙe zaure. Kuma wa ya bincika ya tabbatar babu takarda? Wa ya nemi a buɗe masa adakar tsohon gida ya ga ko akwai wasiƙar ajami, ko lissafin bashi da wani malami ya rubuta wa maigida?

Dalilin gaskiya ya fi wannan nauyi, kuma gara a faɗe shi. Zauren fatoma ya ga abin da ba a son tunawa. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Zinder a farkon 1851, ya ga yadda ake shigowa da mutanen da aka kamo a hari domin sayarwa. Waɗannan bayin Allah ba a sama suka bi zuwa kasuwa ba. A gidaje aka sauke su, an yi la'ada a kansu kamar yadda aka yi a kan kanwa. Sai a 1905 Faransa ta yi dokar hana cinikin bayi a yankin mulkinta na Afirka ta Yamma. Jikokin mai saye da na wanda aka saya suna iya zama maƙwabta yau, har da auratayya. Haka kuma duk inda fatake ke sauka, ba a rasa wani gida a gefen kasuwa, gidan magajiya, inda ake kiɗa, ake caca, wani lokaci a sha burkutu, inda matar da ta gudo daga auren dole take samun inuwa. Marubuci yakan kai ƙofar nan ya kau da kai, wai kada a ce ya yabi ɓarna. To, rubuta abu daban, halatta shi daban. Malamin da ke wa'azi a kan giya ya san da ita, shi ya sa yake wa'azin. Mai tarihi ne kaɗai yake son a ɗauka garinsu babu wanda ya taɓa yin maye, babu wanda ya taɓa cin amana, kowa jikan sarki ne. Ana iya sakaya sunan wanda ya kamata a sakaya, a bi a hankali inda ciwo bai warke ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a share rabin gari domin ɗaya rabin ya ji daɗi.

Lokaci kuwa ba ya jira. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya ja baya. Gujiya ta mamaye ƙasar Magarya, ciniki ya koma bakin sikeli da kamfanonin Turawa, daga 1962 kuma hannun SONARA, har farin 1973 da 1974 ya karya ta. Mota ta sa tafiyar kwanaki ta zama ta yini, ɗan kamasho a tasha ya karɓe rabin aikin fatoma, wayar salula ta karɓe saura. Kowane rufe iyaka, na 1984 zuwa 1986, na 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, ya sauya hanyar da kaya ke bi da gidan da ake sauka. Sana'ar ba ta mutu ba, wanda ya je kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis zai ga masu masauki da dillalai suna aikinsu. Amma tsohon gida idan an raba gado yakan tsage kashi kashi, a rushe zaure a yi shago da bulo. Yaron da ya kai wa baƙi fura a 1955 yau ya ba 75 baya.

Akwai Jami'ar André Salifou a Zinder, akwai IRSH da CELHTO a Yamai, waɗanda adana tarihin baka yana cikin aikinsu. Ba a bukatar tallafin wata ƙasa kafin ɗalibi ya ɗauki waya mai naɗar murya ya tafi Waca. Ya gaida fada, domin ladabi ne, sa'an nan ya wuce kasuwa ya nemi dillalin da ya fi kowa tsufa. Ya tambaye shi a gidan wa Buzaye suke sauka, a gidan wa Mangawa, a gidan wa Kanawa. Wa ya riƙe kafin wane. Wane gida ne ya faɗi saboda bashi, wa ya gudu da kuɗin. Idan ya gama da maza ya nemi izini ya shiga cikin gida, domin tsohuwar da ta yi shekaru tana tuƙa wa baƙi tuwo ta san yawansu fiye da maigidan, ita ce take auna hatsin.