Kada Mu Cire Ƙofa Don Makulli Ya Ba Mu Wahala



Yau zan ɗan yi tsokaci ne kan wani abu da ya faru a gidana nan Agege. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10, a cikinta nake ajiye lissafin albasar da ake aiko mana daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12, har da sunayen waɗanda muke bi bashi. Ƙanena ya sayi laftof mai Windows 11, muna son ya riƙa buɗe foldar lissafin daga ɗakinsa. Muka yi, muka yi, ta ƙi buɗewa.

Sai muka kira wani mai gyara. Cikin minti goma ya gama: ya kashe neman kalmar sirri, ya kashe katangar tsaro, ya ba kowa da kowa izinin shiga. Folda ta buɗe, muka biya shi muna godiya. Abin da na manta shi ne, gidan haya muke, kuma maƙwabta uku na ba kalmar sirrin Wi-Fi ɗinmu. Bayan kwana biyu ɗan maƙwabcina ya ce mini, "Baba, na ga wata folda mai sunanka a kwamfutata." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Bashin mutum asirinsa ne, kuma amana ce a hannuna.

Ra'ayina shi ne, wannan ba gyara ba ne. Kamfanin Microsoft bai tsaurara waɗannan matakai don mugunta ba. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayil ta SMB1, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. A 2018 kuma aka cire HomeGroup daga Windows 10, shi ya sa dabarar da muka saba da ita a zamanin Windows 7 ba ta nan.

Ga yadda muka gyara daga baya, ba tare da an bar ƙofa a buɗe ba. Da farko mun tabbatar duk kwamfutocin biyu suna kan rauta ɗaya, don wani lokaci ta ƙanena kan koma intanet ɗin wayarsa. Na biyu, mun mayar da layin daga Public zuwa Private, domin a kan Public kwamfuta ɓoye kanta take yi. Na uku, folda ƙofa biyu gare ta, Sharing da Security, kuma wadda ta fi tsauri ita ke aiki. In ka buɗe ɗaya ka bar ɗaya, ba shiga. Na huɗu, na buɗe wa ƙanena asusu da kalmar sirrinsa a tsohuwar kwamfutar, na ba shi izini shi kaɗai, na kuma maido da katangar tsaro.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu 'yan Najeriya: duk sanda aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi, tana iya sauya wa kwamfuta lambar adireshinta. Jiya 192.168.1.5, yau wata daban. Sai a sa rautar ta riƙe mata lamba ɗaya. Maƙwabta kuwa na buɗe masu layin baƙi, suna samun intanet, ba sa ganin kayanmu.

Wani zai ce ai zumunci ya fi ƙarfin wannan tsoro. Gaskiya ne, a baƙunta ba mu da kamar juna. Amma ko a Sabo ko a Zango, mai masauki yana ba baƙo ɗaki da abinci, ba ya ba shi makullin akwatinsa.

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ina son jin yadda ya yi. Allah ya rufa mana asiri, ya mayar da mu gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.