Aikin Manajan Haja: Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

Kowace shekara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantun Jihar Katsina suna yaye ɗalibai, cikinsu har da 'ya'yan manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Waɗansunsu suna hangen aikin manajan haja a kamfanonin iri da taki, watau ma'aikacin da ake danƙa wa kaya iri ɗaya, ya kula da shi tun daga masana'anta har hannun mai saye. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka shi ya fito da wannan tsari a 1931. Abin takaici shi ne, galibi sunan muƙamin ake bi, ba a tsayawa a auna ƙarfin kai.

Muƙamin ɗaya ne, amma aikinsa kashi uku ne. Na farko shi ne zama da manoma, a ji kokensu game da irin masara ko auduga, a kai wa kamfani. Wannan sai mai haƙuri da riƙon amana, musamman a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020, har baƙo ya zama abin tsoro.

Na biyu shi ne tabbatar da inganci. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana fitar da irin masara mai suna SAMMAZ da na auduga mai suna SAMCOT, kuma dole a sami wanda zai gwada tsirowar iri kafin a zuba a buhu. Wannan aikin mai natsuwa ne, wanda gwaje-gwaje ba su gundurarsa. Na uku kuwa ciniki ne: sanin farashin hatsi a kasuwannin Ɗandume da Sheme, da lissafin kuɗin mota da riba.

Idan aka ɗora mai ƙwazon ciniki kan gwajin iri, yana iya gaggawar sakin kayan da ba su inganta ba. Wanda zai kwana ciki shi ne manomi, domin damina ɗaya gare shi a shekara.

Ana iya cewa aiki ya yi wuya, wanda ya samu ba shi da zaɓi. Gaskiya ne, amma shekarar bautar ƙasa dama ce ta gwada kai, kuma ba laifi mai neman aiki ya tambaya wane kashi za a ba shi. Haka nan wajibi ne shugabannin ma'aikatu da kamfanoni su ajiye kowa inda ya fi amfani, ba inda ɗan'uwansa ya roƙa masa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.