A Daina Raina Madafi: Ina Labaran Bincikenmu?

Na gode wa shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin makon nan. Tun da wuri ina neman afuwar duk wanda zan taka, don ba lallashi ya kawo ni ba.

A taron ƙungiyarmu na watan jiya na kawo zancen wani nau'in littattafai da Turawa ke rububi: labarin binciken laifi mai sanyi, wanda ba jini male-male, ba batsa, mai binciken kuma ba ɗan sanda ba ne, sau da yawa mace ce mai gidan burodi ko mai sayar da abinci a ƙaramin gari. Ban rufe baki ba wani babban yayanmu a rubutu ya yi dariya ya ce wannan ai shirmen waɗanda suka ƙoshi ne, wa zai bar soyayya ya karanta labarin kwaɓa fulawa? Aka tafa masa. Na yi shiru a ranar saboda girmansa, amma yau ga amsata.

Bari in fara da abin da ya faru a unguwarmu a Zoza ina 'yar shekara goma sha uku. Ana jibi ƙaramar Sallah, mata sun taru a tsakar gidan maƙwabtanmu, wasu na murza cincin, wasu na tsoma alkaki a ruwan sukari, wasu na kirɓa nakiya. Can da la'asar amaryar gidan ta ɗaga hannu ta ga babu zobenta na zinare, wanda da shi aka biya sadakinta. Kafin a ce kwabo an yanke hukunci: almajirin da ke ɗebo musu ruwa ne. Aka jawo yaro, aka zazzage aljihunsa, wani saurayi ya kwaɗa masa mari biyu, wata ta ce a tafi wajen mai duba. Wata tsohuwa da ke gefe tana tsince shinkafa ita kaɗai ta yi tambaya. Ta ce wa amarya, “Ke 'yar nan, da kika yi alwalar azahar yana hannunki?” Ta ce yana nan. “Daga nan me kika taɓa?” Ta ce nakiya ta dunƙula, bayan ta shafa man shanu a hannu. “Yaron ya shigo bayan azahar?” Kowa ya yi tsit, don tun hantsi ya sauke jarkarsa ta ƙarshe. Tsohuwa ta sa aka kawo fantekar nakiya aka shiga farfasa dunƙulen ɗaya bayan ɗaya, sai ga zobe a ciki. Aka yi ta dariya da salati. Yaron bai yi dariya ba, kuma bai ƙara ɗebo ruwa a layinmu ba.

To, yayana, wannan shi ne labarin da ka kira shirme. Tambaya uku, babu bindiga, babu boka, an wanke marar laifi.

Turawa sun daɗe da gane cewa akwai kasuwa a nan. Agatha Christie ta fito da Miss Marple a littafi tun 1930, tsohuwa 'yar ƙauye wadda makaminta kawai sanin halin maƙwabta. A shekarar 2000 Joanne Fluke ta Amurka ta fara jerin littattafan Hannah Swensen mai shagon biskit, tana saka yadda ake haɗa kowane biskit a tsakanin babi da babi, ka karanta ka kuma shiga madafi ka gwada. Daga nan abin ya yi rassa, har aka samu masu kafa labarinsu kacokan a ƙauyukan ƙasar Ailan, irin su Carlene O'Connor, suna ɗaura shi a kan bukukuwan ƙasar: Kirsimeti, da ranar Waliyyi Patrick ta 17 ga Maris, da burodinsu da ba a sa masa yis, sai fulawa da gishiri da tsala da hodar soda, aikin da kanwa ke yi mana a wasu girke-girken. Suna da wani burodin mai busasshen inabi, barmbrack, da ake toyawa a ƙarshen Oktoba a ɓoye zobe a cikinsa, wanda ya ci karo da shi a ce aurensa ya kusa. Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye waya na yi dariya. Su da gangan suke saka zoben, mu namu faɗawa ya yi, har ya jawo wa yaro mari. Amma su sun mai da nasu littafi, mu kuwa namu ya tsaya a hirar tsakar gida.

Kada wani ya ce min ai Bahaushe bai san wannan ba. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu. Mutumin Gwarzo, nan kusa da mu. Duk wanda ya yi makarantar allo kuma ya san yadda aka gane gaskiyar Annabi Yusuf, alaihis salam: duba riga aka yi, ta gaba ta yage ko ta baya. Bin sawu da kafa hujja ba baƙonmu ba ne. Mu ne muka watsar.

Me muka ɗauka a madadinsa? Ku buɗe Wattpad ko zaurukan WhatsApp da ake biyan kuɗin karatu da katin waya. Hamshaƙin saurayi mai kamfani a Dubai, miskili, ba ya dariya. 'Yar talaka fara mai gashi har gadon baya. Fyaɗe a babi na biyu don a riƙe mai karatu. Idan wani abu ya ɓace ko wani ya mutu, ba a bincike: ko kishiya ce ta je wajen boka, ko a yi mafarki, ko mugun ya haukace a babin ƙarshe ya tona wa kansa asiri a tsakiyar kasuwa. Wannan haukacewar ta ƙarshe ita ta fi ba ni haushi, domin lalaci ce tsagwaronta. Marubuciya ta ƙulla abin da ba za ta iya kwancewa ba, sai ta kira hauka ya kwance mata. Kuma abin da yarinya 'yar sakandare ke koya daga ciki shi ne: wanda zuciyarki ta zarga shi ne mai laifi, jira kawai asirinsa ya tonu. Da irin wannan tunanin aka mari almajirin unguwarmu. Da shi ake nuna tsohuwa a ce mayya ce, da shi ake ihun ɓarawo a kasuwa a taru a kan mutum kafin a tambayi me ya ɗauka.

Ban ce soyayya laifi ba ce. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa su suka koya wa iyayenmu mata da yawa son karatun boko, ni ma a kansu na buɗe ido. Amma su sun rubuta gidajen da suka sani. Mu muna rubuta gidajen da muka gani a finafinan Indiya da Turkiyya.

Abinci ma haka. Jarumarmu kullum tana “kicin” tana haɗa abin da marubuciyar kanta ba ta taɓa ci ba, a jera sunaye da Turanci layi biyar. Wa ya taɓa rubuta yadda ake gasa kek ɗin Sallah a ƙauye, a zuba yashi a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara, a ɗora garwashi a kan murfi? Wa ya rubuta tashin hankalin uwar amarya idan ranar kai gara ta matso alkaki ya ƙi tashi? Ga mai binciken nan a zaune muna wuce ta kullum: mai yin dubulan da alkaki na biki. Tana shiga gidan da ɗan sanda ba zai taɓa shiga ba, don ba a yi mata “ba a shiga”. Ta san wadda ta ci bashi don ta fita kunya, ta san wadda ta sayar da ɗan kunne a ɓoye, ta san gidan da aka sayi fulawa mudu goma alhali maigidan na kukan babu. Uwar adashe ma haka, ungozoma ma haka.

Zan yarda da masu suka a wuri ɗaya. Littattafan Turawan nan suna wasa da mutuwa: a tsinci gawa da safe, da yamma ana shan shayi da kek. Wannan ba zai zauna a wurinmu ba, inda ake binne mamaci a ranar, a zauna makoki, kuma da wuya dangi su yarda likita ya taɓa gawa. Da yawa daga masu rubuta na Ailan ɗin ma Amurkawa ne, suna sayar wa 'yan uwansu ƙauyen da suke mafarki. Idan muka kwafo su muka canza Kirsimeti da Sallah kawai, mun sake faɗawa ramin da nake kuka da shi. Amma wa ya ce dole sai an kashe wani? Alexander McCall Smith ya fara labaran Mma Ramotswe ta Botswana a 1998, yawancin abin da take bincike miji ne da ya ɓace ko ma'aikaci mai ha'inci, kuma duniya ta karanta. Kuɗin adashe da suka yi ƙafa ana saura kwana uku Sallah, ragon layya da aka musanya da dare, buhun masara da ya ragu a rumbu ba a fasa ƙofa ba: kowanne ya isa littafi, kuma kowanne akwai wanda za a zalunta idan ba a gano gaskiya ba.

Na san dalilin da ya sa ake gudunsa, kuma ba raini ba ne kamar yadda ake nunawa. Wuya gare shi. Labarin soyayya kana iya farawa ba ka san ƙarshensa ba, kana sakin shafi kullum kana bin ra'ayin masu sharhi. Labarin bincike sai ka san mai laifin tun kafin ka rubuta layin farko, ka shuka alamu a fili yadda mai karatu zai gani amma ya wuce, ka kuma tabbata wanda ka ce yana masallaci da azahar bai bayyana a bakin rijiya a lokacin ba. Lissafi ne. Ni da na yi difloma na fi shan wuya a babi uku na irin wannan fiye da duk jarabawar da na zauna.

Ga tayina ga zauren nan. Daga yau zuwa jajiberin Babbar Sallah, duk mai ganin ya isa ya kawo gajeren labari: gari ƙarami, abu ɗaya ya ɓace, mutum huɗu abin zargi, girki ɗaya da za a iya bi a yi a gida. Ba boka, ba mafarki, ba haukacewa. Ni zan fara sakin nawa ranar Juma'a. Yayana da ya yi dariya, sunanka na fara rubutawa a cikin alƙalai.