Hoto Ya Ce Ba Karaya, Amma Gwiwa Ta Ƙi Daɗi

Wannan makon maganar ta shafi 'yan'uwanmu masu cin abinci da ƙarfin jikinsu a Legas, kamar ɗan acaɓa a Agege, mahauci a mayankar Oko-Oba da ɗan dako a kasuwar Jankara. Idan ɗayansu ya faɗi aka yi hoton ƙashi, aka ce ba karaya, sai hankali ya kwanta, a ce targaɗe ne, a nufi wurin mai ɗori. Sau da yawa a nan matsalar take farawa.

Hoton ƙashi, ƙashi kawai yake nunawa sosai. A cikin gwiwarka akwai jijiyoyi masu ƙarfi da suka ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, akwai kuma guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke zama matashi a tsakaninsu. Duk takun da ka yi, gwiwa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau 2 zuwa 3, balle da buhu a ka. Idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya murɗe, jijiyar tsakiya da likitoci ke kira ACL tana iya tsinkewa, ko guringuntsi ya yage. Alamun su ne jin ƙara lokacin faɗuwar, kumburi cikin 'yan awoyi, daga baya gwiwa ta riƙa zillewa ko ta maƙale ta ƙi miƙewa. Ja da murza ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke.

Wuyan hannu ma haka. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wurin. Idan ka faɗi ka dafa ƙasa da tafin hannu, wanda ke gindin babban yatsa ne ya fi karyewa, kuma karayar takan ɓoye a hoton farko. Shi ya sa likita kan sa siminti, ya ce a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Jini kaɗan ne ke isa wannan ƙashi, in an yi sakaci ba ya haɗewa, sai ƙarfin riƙo ya ragu. Ka ga kuwa mai riƙe kan babur ko wuƙar fawa ba ƙaramar asara ya yi ba.

Hoton MRI ne ke nuna irin wannan ɓarna ta jijiya da guringuntsi. In ta kama a yi aiki, akwai tiyatar kyamara, wato atiroskofi. Likita zai huda ƙananan kafofi biyu ko uku, kowace kamar santimita 1, ya zura kyamara siririya kamar biro, ya cika gaɓar da ruwan gishiri don ya ga ciki a talabijin. Ta sauran kafofin yake ɗinke guringuntsi ko ya dasa sabuwar jijiya, wadda galibi daga jikinka ake ciro ta. Likitan Japan Masaki Watanabe ne ya fara yanke yagaggen guringuntsi ta wannan hanya a 1962. Ciwon ƙarami ne, kuma ba a daɗewa a gadon asibiti.

Sai dai ƙanƙantar tabo kada ta ruɗe ka. Wanda aka dasa wa jijiya yana buƙatar watanni na gashi da motsa gaɓa, kuma komawa ƙwallo kan ɗauki kamar wata 9. Haka nan ba kowa ke buƙatar aikin ba, wasu gashin kaɗai ya ishe su. Tsohuwa mai ciwon gwiwa na shekaru kuwa, wanke mata gaɓa da kyamara ba ya ƙara mata komai.

Ranar da aka ji ciwo, a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 20, a ɗaga ƙafar sama. In an kasa takawa, ko gwiwa ta maƙale, ko gindin babban yatsa na zafi idan an danna, a nemi likitan ƙashi. A Legas akwai Asibitin Ƙashi na Igbobi, a Kano akwai na Dala. Uwargida, ke ma ki sa ido, domin maigida kan ɗaure ciwo ya fita nema har abin ya yi nisa.