Sharhi: A Ɗaukar Hoton Haja, Ƙwan Fitila Ya Fi Akwati Muhimmanci

Tun daga 2012 da kamfanonin Jumia da Konga suka fara ciniki ta intanet a Legas, hoto ya zama shagon ɗan kasuwa. Mai saye a Fatakwal ba ya taɓa takalmin fatar da aka ɗinka a Kano. Abin da ya gani a wayarsa shi yake biya wa kuɗi. Wannan ne ya sa ƙananan 'yan kasuwa ke neman akwatin haske, wato ɗan akwati mai bangon farin ƙyalle wanda ke tausasa hasken fitila, ya rage inuwa da ƙyalli a jikin agogo ko kwalbar turare.

Akasarin irin waɗannan akwatuna daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka sassauta kayyade farashin Naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka yi tsada. Alhali kuwa kwali mai faɗin santimita 50 zai yi aikin. A yanke tagogi a gefe biyu da sama, a rufe su da farin yadi marar kauri, sannan a shimfiɗa farar takarda daga bango zuwa ƙasa ba tare da an karya ta ba. Ko Amazon, da ya shahara wajen tsaurara ƙa'ida, abin da ya shar'anta a babban hoto shi ne farin baya da kuma hajar ta cika kashi 85 cikin 100 na hoton. Bai tambayi kuɗin akwatin ba.

Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne ƙwan fitila. Ƙwai mai hasken rawaya, na ma'aunin Kelvin 2,700, yakan mai da farin takalmi ruwan madara. Wanda ya dace shi ne mai kama da hasken rana, tsakanin 5,000 da 6,500, guda biyu iri ɗaya, domin gauraya su na rikita kyamara. Ya kasance na LED, saboda tsohon ƙwai mai zafi kusa da kwali da yadi gayyatar gobara ce.

Lissafin a fili yake. A tsarin biya bayan an kawo kaya, idan launi ya saɓa wa hoto mai saye zai ƙi karɓa, kayan su dawo, a yi asarar kuɗin mota da kuma abokin ciniki.

Akwatin saye, mai naɗewa, yana da amfani ga mai yawo tsakanin shaguna yana ɗaukar hotuna masu yawa kullum. Amma mai sayar da atamfa ko babbar riga ba ya buƙatar ko ɗaya, domin hajarsa ba za ta shiga ba. Inuwar farin bango da hantsi ta ishe shi.